Aljihun Hagu

Tun da na dawo daga wankan jego jikina bai koma yadda yake ba. A gidanmu na yi wankan, can Yashe, kuma mahaifiyata ba ta wasa da kunun kanwa. Safe kunu, rana tuwo da man shanu, marece gasasshen nama da yaji. Ran da aka maido ni ɗakina a Kankiya, mai mashin ɗin da ya ɗauko ni daga bakin titi sai da ya sauka ya duba tayar baya. Ni kuwa ina kallon shi.

Kayan lefena duk suka ƙi ni. Wata rigar ta tsaya a kafaɗa, wata ta shiga amma numfashi ya gagara. Na ninke su na maida akwati. Abin da ya rage mani shi ne zani, da tsofaffin rigunan maigidana guda biyu masu laushi, da wani hijabi ruwan toka mai jan ƙasa. Gaskiya suna da daɗin sawa, iska na shiga, ba abin da ke matse ni in na duƙa wanke-wanke. Amma ba don daɗin nake sa su ba. Don kar a gan ni ne.

Ɗiyata kuwa, ta fari ce, ba na faɗin sunanta, siririya ce kamar sillen kara. To in muka shiga gidan suna sai ka ji wata ta ce, "Tubarkalla! Ke kike cinye rabon yarinyar halan?" A yi dariya, ni ma in yi. In na dawo gida in tofe ta da addu'a tun daga kai har tafin ƙafa. Baki nake tsoro. Na ga yadda baki ke kwantar da yaro lafiyayye, kuma a ganina duk idon da girman jikina ya jawo, a kanta yake sauka. Sai na rage fita, in kuma fitar ta zama dole, in shige cikin hijabin nan kamar buhun da aka ɗaure.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Iya mai ƙuli, kuma katangar ta zube ta gefe ɗaya tun wata damina, an kafa zana a wurin, zanar ma ta ɓule. Ta nan take shigowa. Iya ta fi ni jiki nesa ba kusa ba, amma ban taɓa ganin ta da tufa mai duhu ba. Ja, ruwan ɗorawa, kore shar, wata atamfar ma da manyan zakaru a jiki. Dogayen riguna take ɗinkawa masu faɗi, ta kafa ɗaurin kallabi kamar za ta gidan biki, alhali tuyar ƙuli za ta yi. Kafaɗarta ta dama ta ɗan sauka, tun wata faɗuwa da ta yi daga kan mashin a hanyar Rimaye. Kuma bahaguwa ce. Duk rigunanta da aljihu a hagu, kuma aljihun ba ya rabuwa da dabino.

Ɗiyata ta san aljihun nan kafin ta san sunan kowa. Da ta fara tafiya, wurin Iya ta fara zuwa. Ta riƙe rigar, ta zura hannu, ta ciro dabino tana tsotsa. "Iya" ce kalmar da ta fara fita a bakinta. Ban ji haushi ba. Ni da kunyar 'yar fari ta hana ni ko yi mata wasa a gaban mutane, ai gara da ta samu mai yi mata.

Wata rana Iya ta iske ni ina shanya kayan akwati, saboda sanyin damina ya sa sun fara wari. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"'Yar Yashe, wa ya mutu?"

Na juyo da sauri. Na ce, "Ba kowa, Iya."

"To takabar wa kike yi da wannan hijabin? Tun da aka kawo ki nake kallon ki, kullum kamar hadarin da ya ƙi zuba."

Na ce kayana ne ba sa shiga ta.

"Kaya ne ba su shiga ke, ko ke ce ba ki shiga kaya? Jikin nan sato shi kika yi?" Ta duƙa ta ɗago wata atamfa da ba a taɓa sa mata almakashi ba, ruwan lemo mai manyan furanni shuɗɗa. Ita ce na fi so a lefena, ita ce kuma na fi tsoro. "La ila! Kina da wannan kike yawo kamar toka?"

Na ce mutane za su kalle ni.

"Yanzu ma kallon ki suke. Gara su kalli abin kirki."

Akwai mace mai ɗinki a unguwarmu, amma bakinta ya fi kekenta gudu. In ta auna ƙugunki da safe, kafin azahar an san shi a gidan kowa. Telan da ya iya yanka kuwa namiji ne, a bakin kasuwa, kuma mu matan aure ba ma zuwa ya auna mu. Riga ake aika mashi, wadda ta yi maki daidai, ya shimfiɗa ta a kan sabon yadi ya bi. To ni ba ni da rigar da ta yi mani daidai ko ɗaya. Na faɗa wa Iya haka, ina zaton maganar ta mutu.

Sai ta koma ta ɓular zana, ta dawo da wata doguwar rigarta ruwan goro. "Sa mu gani."

Na shiga ɗaki na sa. Rabona da in ji tufar mace ta sauka a jikina ba faɗa, har na manta. Ta yi mani yawa kaɗan, amma na ɗaga hannu sama ba abin da ya ce ƙas.

"Ato," in ji Iya. "A kai mashi wannan. A ce ya bi ta sak, kar ya yi mani wayo."

Haka maigidana ya faɗa wa tela ranar kasuwa, da ya kai mashi rigar da atamfar: ya bi ta sak.

Ɗinki bai dawo ba Iya ta rasu. Da hantsi tana tuya ta ce kanta na sarawa, ta zauna a kan turmi, sai ta zame. Aka kai ta asibiti. Kafin la'asar an dawo da ita a rufe. Ƙamshin man gyaɗar da ta bari a kasko yana nan a tsakar gidanmu har aka ɗauke ta. Ɗiyata tana goye a bayana duk ranar, tana barci tana farkawa, ba wanda ya ce mata komai. Me za a ce wa yarinyar da ba ta fi shekara da 'yan watanni ba?

Bayan an share makoki maigidana ya shigo da baƙar leda ya ajiye a bakin gado. Na san ko mene ne. Riguna biyu a ciki, an ninke su tare, sabuwar a cikin tsohuwar. Na tura ledar ƙarƙashin gado. Ta kwana biyu a can, ina jin ƙamshin turaren Iya na fitowa kaɗan-kaɗan duk sanda na duƙa shara.

Ranar da na sa sabuwar rigar, tsakar rana ce. Gero ya fi mutum tsawo, maza duk suna gona, unguwa ta yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Uwar mijina, Gwaggo nake ce mata, tana gyangyaɗi a inuwar rumbu, yarinyar na wasa da gwangwani kusa da ita. Na ce bari in gwada kawai, ba mai gani na.

Ta yi kyau. Wannan kam ba zan ɓoye ba. Madubina ƙarami ne, sai da na yi ta jujjuya shi ina ganin kaina gutsure-gutsure, ga fure a ƙirji, ga fure a ƙugu, fatata ta yi wani haske da ban san tana da shi ba. Amma na ji rigar tana ja na gefe guda. In na miƙe sosai sai wuyan ya karkace. In na saki kafaɗar dama ta sauka, sai komai ya zauna daidai. Tela ya bi ta sak. Har saukar kafaɗar ya ɗinka mani. Na shafa gefen dama ba aljihu. Hannuna na hagu, wanda ban saba aika shi ko'ina ba, shi ya tafi da kanshi ya same shi.

Na fito ƙofar ɗaki na juya baya ina jawo labule. Sai na ji salati a bayana, irin wanda ake yi da ƙaramar murya.

Gwaggo ce. Ta miƙe zaune, ta dafe ƙirji, carbinta ya faɗi ƙasa. Da na juyo ta ga fuskata sai ta sauke numfashi. "Ke 'yar nan! Ke ce? Wallahi na ɗauka..." Ba ta ƙarasa ba.

Ita kuwa yarinyar ta riga ta taso. Da gudunta na 'yan koyo, hannuwa a sama, tana dariyar da rabon da in ji ta tun ranar rasuwar. "Iya! Iya!" Ba ta kalli fuskata ba sam. Ta kama rigar, ta zagaya hagu, ta zura hannu a aljihu.

Ta ciro dabino.

Ni ban sa ba. A gidanmu ma babu dabino, sai da azumi. Sabuwar riga ce, Iya ba ta taɓa ganin ta a ɗinke ba. Na ga abin nan a hannun ɗiyata, baƙi, a ɗan motse, tana kai shi baki, ban san sanda na kaɗe hannunta ba. Dabinon ya yi tsalle ya faɗa makwarara. Sai a lokacin ta ɗago kai. Ta dubi rigar, ta dubi fuskata, ta sake duban rigar. Ba ta yi kuka nan da nan ba. Ta ja da baya a hankali har ta jingina da ƙafar Gwaggo, sannan ta tsala ihu.

Daga ranar ta ƙi ni.

Na tuɓe rigar na koma cikin tsummana, duk da haka in na miƙa hannu sai ta juya kai. Nono ta ƙi shi ƙememe. In na matsa mata ta sanƙare, ta dafe ƙirjina da hannu biyu tana turewa. Koko kaɗan take karɓa a hannun Gwaggo, shi ma sai an yi dabara. Ƙirjina ya cika ya yi tauri, rigar maigidana ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa. Da ma ba jiki gare ta ba, sai wuyanta ya ƙara tsawo, idanun suka fito. Muka kai ta asibiti, aka duba, aka ce ba zazzaɓi, a dai yi ta ba ta ruwa da abinci. In ta samu an saki hannunta, wuri ɗaya take zuwa: ɓular zana. Ta tsaya ta leƙa gidan Iya, ba ta shiga, ba ta kira. Kallo kawai, kamar mai sauraron wani.

Gwaggo ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Mamaci in ya so yaro da yawa, wani sa'in ba ya son tafiya shi kaɗai."

Maigidana ya ce wannan camfi ne, a bar faɗa, wanda ya mutu ya mutu, Allah ya ji ƙanta. Amma washegari ya bar gona ya tafi bakin kasuwa. Tela ya ce mashi e, kamar ya tuna ya ga dabino a aljihun rigar awon, kuma shi ba ya cin abin mutane, ya maida. A wace rigar ya maida? Ya ce wallahi aiki ya yi yawa, ba zai rantse ba. Kamar ma, in ji shi, ba a wannan ɗinkin ba ne.

Kunya ta hana ni kuka a gaban Gwaggo. Uwa ba ta nuna damuwa a kan 'yar fari, haka aka rene mu. Sai in shiga banɗaki in tatse nono a ƙasa in yi kukana a can. Gwaggo ta ce a ba da rigar sadaka, can nesa, Kusada ko gaba, in koma hijabina in zauna lafiya. Na yarda. Da an ce in ƙone akwatin duka in dai za ta kama nono, da na ƙone.

Na ninke ta ke nan na maida cikin ledar tare da ta Iya, tsakar rana kuma, sai na ji dariyar Iya ta bayan katanga.

Ba kama ba, ita ce. Dariyar nan mai farawa daga ciki ta ƙare da tari. Na leƙo, na ga ɗiyata a bakin zana ta ɗaga ƙafa ɗaya za ta shiga. Ban tsaya neman mayafi ba. Na fizgo ledar ban ma san tana hannuna ba, na bi ta, na kutsa ta ɓular nan da ban taɓa zaton zan wuce ta cikinta ba, zana na yagar mani hannu.

Wata mata ce zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakin Iya, babba, cikin atamfa kore shar. Kafaɗunta daidai suke. Su na fara dubawa.

Yayar Iya ce, daga Kunduru. Tana Maraɗi wajen jinyar ɗiyarta aka yi rasuwar, sai yanzu ta samu zuwa. Ta dube ni, ba kallabi, rigar namiji a jiƙe, ina haki.

"Ke ce 'yar Yashe," ta ce. "Ta ba ni labarinki. Zauna kafin ki faɗi, ba mai iya ɗaga ki a gidan nan."

Na zauna. Yarinyar ta tsaya nesa da mu duka, tana kallon matar, yatsa a baki. Ban san yadda aka yi ba, na kwashe komai na faɗa mata, har da nonon da nake zubarwa. Na fiddo rigar ruwan goro na miƙa mata, na ce ga ta magada, a sa a cikin kayan rabo. Ta karɓa ta kai hanci, ta daɗe a haka. Sannan ta goge ido da bakin zani ta ce in miƙo ɗayar.

Ta ɗaga ta sama ta duba, sai ga dariyar nan kuma. "Kai, maza! An ce ya bi riga, ya bi har da karaya. Da tana da ƙusumbi ma da ya ɗinka maki." Ta juya ta. "Kuma ba ta da hanyar ba da nono. Ita ƙanwata yaushe rabon ta da goyo? Wannan ai ba rigarki ba ce, tata ce aka yi da yadinki."

Na ce sadaka za a bayar.

"A ba wa? Ta je ta tsorata wata unguwar?" Ta ce a miƙo mata reza da allura daga ɗakin marigayiya. Ta sa na tsaya, ta auna ni da ɗanin hannunta, kafaɗa zuwa kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tana latsa ni ba tausayi kamar mai zaɓen kabewa. Ba wanda ya taɓa auna jikin nan tun da ya zama haka. Ta farke kafaɗar dama ta ɗaga ta, ta rage gefe, ta tsaga gaba ta kafa maɓallai da ta cire daga wata tsohuwar riga. Har inuwa ta juya tana ɗinki tana ba ni labarin ƙuruciyarsu, yadda su biyu ba sa hawa jaki ɗaya.

Da ta zo kan aljihu ta tsaya. "A cire?"

Na dubi ɗiyata. Idonta na kan aljihun. Na ce a bari.

"To ji nan," in ji ta. "A ɗaki kika sa, kika fito mata da baya. Ta ga Iyarta ta dawo, ta je karɓar abinta, aka buge mata hannu, ta ɗaga kai ta ga an sauya fuska. Ko ni ce sai in ƙi ki. Yanzu a gabanta za ki sa. Ta ga wadda ta shiga, ta ga wadda ta fito." Ta kwance bakin zaninta ta ba ni dabino ɗaya. "Wannan kuma ki biya ta abin da kika zubar."

A tsakar gidan mutane, da rana, na tuɓe rigar maigidana na tsaya da ɗaurin ƙirji, duk girmana a fili. Na durƙusa daidai tsayin yarinyar. Na nuna mata rigar, na zura kai a hankali, na ɗan tsaya a ciki, duniya ta koma ruwan lemo. Sannan na fito da kai ta wuya na kira ta da sunan da nake kiran ta in ba kowa.

Ba ta motsa ba.

Na ɗaga dabinon ta gani, na sa shi a aljihu da hannuna, na janye hannun, na jira. Gwiwoyina suka fara zafi. Kuda ya sauka a fuskata ban kore shi ba. Can ta tako. Ta tsaya. Ta sake takowa, idonta a kan fuskata, ba a kan rigar ba. Ta zura hannu ta ciro, ta riƙe shi a ƙirji tana jiran ta ga ko zan buge. Da ta ga shiru ta kai baki. Ta tsotsa kaɗan, sai ta jingino da goshinta a kan furen ƙirjina, wurin da ya jiƙe. Na ɓalle maɓallan.

Zafin da na ji da ta kama, har yau ban ji abin da ya kai shi daɗi ba. Matar ta juya mana baya tana tattara zare, tana cewa, "A hankali, 'yar ƙwal uba, kar ki shanye ta duka."

Yanzu yarinyar ta shiga makarantar allo, ga ƙaninta a baya. Jikina yana nan yadda yake, ya ma ƙaru. Na je wurin mai ɗinkin unguwarmu ta auna ni da tef, ta kuma faɗa wa duk wanda ta ga dama, ba abin da ya same ni. Na zaman gida dogayen riguna nake yi na yadi mai laushi, masu maɓalli a gaba. Na fita kuwa ina da ja, ina da ruwan ɗorawa, ina ma da wata mai zakaru. In aka ce tubarkalla in ce na gode, in na dawo gida dai ina tofe yarana, wannan ban bari ba. Hijabin ruwan toka ya zama shimfiɗar shanyar kuɓewa.

Duk rigunana da aljihu a hagu, ko da yake ni ba bahaguwa ba ce. Kowace safiya nakan ɗebi dabino in zuba a ciki da hannuna, don in san wanda ya sa. Yara na ɗauka duk yini, nawa da na maƙwabta. Wani sa'in da marece in zura hannu in ji saura, alhali a zatona ya ƙare tun azahar. Ba na ƙirgawa in zan zuba. Maigidana ya taɓa tambaya ta dalili, na ce mashi hannuna ne ba ya son ƙididdiga.